Rabin Goma Shida Ne

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa a firamaren ƙauyenmu, can tsakanin duwatsun Roni, na tarar da mutumin da ya koya mini lissafi a aji huɗu yana nan a aji huɗun, kamar dasa shi aka yi. Gemu ya yi fari, amma kekensa wanda na sani ne tun ina yaro. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya.

Ina ƙaunar Malam har cikin raina, sai dai akwai abin da na sani game da shi tun ina ɗan shekara tara: bai iya lissafi sosai ba. Kusan kullum sai ya yi kuskure a allo. Zai rubuta bakwai sau takwas hamsin da huɗu, ya juyo yana karkaɗe alli daga hannunsa, mu kuwa mu ɗauki ihu. Ni da a gida ake tsokanata da kurma saboda rashin magana, ni ne kan gaba a ihun nan. Sai ya dafe kai ya yi salati, ya miƙo mini allin ya ce in zo in fitar da shi kunya. In na koma gida har da ƙyar nake cin tuwo don alfahari. Da na girma sai alfaharin ya koma tausayi. Na riƙa cewa a raina, bawan Allah, mutumin kirki, amma kan ba ya ja.

A babban hutun shekarar aka tura ni bita Kazaure, ta kwana biyar, kan sababbin dabarun koyarwa. Na ƙaru, ba zan yi ƙarya ba. An nuna mana cewa yaro ya fi riƙe abin da ya gano da kansa, kuma malami ya rage surutu ya bar ɗalibai su yi magana. Mutumin da ya koya mana wannan ya yi awa uku cur yana bayani, bai bar ko ɗayanmu ya ce uffan ba. Na dawo da takardar shaida, da jaka mai rataya, da kai wanda hulata ta kusa kasa ɗauka.

An ce kowa in ya koma ya koya wa abokan aikinsa abin da ya samo. To a nan na fara shan wuya. Malamai shida suka zauna a gindin darbejiya, Malam na tsakiya a kan kujera, aka ce in tashi in yi musu darasi. Yaya zan tsaya a kan mutumin da ya taɓa share mini majina? Na tashi, na ga ba daidai ba, na tsuguna, na ga ba a jina, na ƙare a wani rabin tsugunne mai karya gwiwa, a haka na gabatar da ilimin zamani gaba ɗayansa. Malam ya saurara yana tauna goro. Da na gama ya yi tambaya ɗaya tak, ko a Kazauren an kawo mana yara mun gwada a kansu. Na ce a'a, hutu ake yi. Ya ce madalla.

Ba a daɗe da komawa makaranta ba sai ga takarda, wai wata Hajiya daga jami'a tana bincike kan yadda ake koyarwa da abin da ke sa yara son karatu. Ta zagaya makarantun Babura da Gwiwa, yanzu ta zo kanmu, kuma aji huɗu take son zama. Hedimasta ya kira ni ofis ya tura ƙofa. Ya ce ya daɗe yana haƙuri da ajin nan, hayaniyarsa ta fi ta kasuwar Gwiwa, kuma da idonsa ya leƙa ta taga ya ga lissafin da ba daidai ba a allo. In dattijon nan ya kunyata mu a gaban baƙuwa, zai cire shi daga aji, ya ba shi makullin sito da ƙarfen da ake bugawa a tashi, ya ƙarasa shekara biyunsa a inuwa.

Hedimasta yana ganin sauƙi ya yi masa. Ni na san ba haka ba ne. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu riƙe da alli, a ce ya koma ƙirga tsintsiya yara na wucewa ta gabansa, wannan binne shi ne da ransa. Hankalina ya tashi ƙwarai, na yi niyyar in cece shi ko da bai sani ba.

Ana gobe za ta zo, da aka tashi tara Malam ya tafi alwala, na shiga ajinsa na tara yaran. Na tambaye su ko a gidajensu ana kunyata babba a gaban baƙo. Suka ce a'a. Na ce to gobe duk abin da Malam ya rubuta, daidai ne ko ba daidai ba, kowa ya kama bakinsa, mu rufa masa asiri, ni zan san yadda zan yi masa ishara daga bakin ƙofa. Ban sha wahalar bayani ba, domin abin da aka tarbiyyantar da su a kai ke nan tun suna goye. Na fito ina jin ban taɓa yin aikin lada irin wannan ba.

Hajiya ta iso da hantsi a bayan babur, gyalenta ya sha ƙaya. Ta ƙi kujerar da aka goge mata, ta zauna a bencin baya cikin 'yan mata, littafi a cinya. Ni da hedimasta muka tsaya a ƙofa.

Darasin rabi da kwata ne. Malam ya ce wani manomi ya kai tiya goma sha biyu ta gero kasuwar Babura, ya sayar da rabi, saura nawa? Bai jira kowa ba ya rubuta biyar, ya juyo yana karkaɗe hannu. Aji ya yi tsit. Yara sittin suka sunkuyar da kai kamar masu zaman makoki. Malam ya dube su, ya dubi allo, ya sake dubansu kamar an musanya masa yara a hanya. Ya tambaya ko daidai ne.

"Daidai ne, Malam," in ji aji baki ɗaya.

Hedimasta ya zungure ni da gwiwar hannu. Ni kuwa na fara tarin ƙarya, ina ɗaga yatsu shida a jikin rigata. Malam ko kallona bai yi ba. Ya ce awaki takwas, an raba huɗu, kowane kaso nawa? Ya rubuta uku. Shiru. Na ga wani yana cizon bironsa har ya fashe, wata ta cusa bakin hijabi a baki, wasu masu biyayya har sun kwafe a littafi. Ina ta addu'a Allah ya sa a buga ƙarfe.

Sai Malam ya share allon tas, ya rubuta da manyan haruffa waɗanda ko daga titi za a karanta: RABIN GOMA SHIDA NE. Ya ajiye alli, ya ja kujera ya zauna, abin da ban taɓa ganin ya yi a aji ba. Ya ce shi ke nan tunda kowa ya yarda, gobe duk wanda uwarsa ta ba ƙosai goma ya raba daidai da ƙaninsa, ya ba ƙanin shida.

Akwai wata yarinya a layin gaba, uwarta ce mai suyar ƙosai a bakin masallaci. Kafaɗunta suka fara rawa, sai ta fashe da kuka.

"Wallahi biyar ne," ta ce cikin shessheƙa. "Biyar ne, Malam."

Daga nan ajin ya ɓalle. Masu cewa gero shida ne, masu cewa awaki biyu ne, har da wanda ya hau benci. Malam ya dafe kai ya yi salati, irin salatin da na sani shekara ashirin. Ya ce shi fa bai yarda ba sai an nuna masa. Suka fita a guje suka kwaso tsakuwa, suka zube a ƙasa rukuni-rukuni suna rabawa suna gardama, ba wanda ya ce su yi rukuni. Biron Hajiya bai huta ba. Da ƙura ta lafa, Malam ya tambayi yarinyar me ya sa ta kuka. Ta share ido ta nuna ni, ta ce ƙaramin malam ne ya ce su rufa masa asiri.

Na so ƙasa ta tsage in shige, da jakar Kazaure da komai.

A ofis Hajiya ta ce yawancin inda ta je, an dai jera benci da'ira amma yara gum. Ta tambayi Malam a wace bita ya koyi wannan dabara. Ya ce bai je bita ba. Shekararsa ta farko ya yi ta fama da yara ba sa buɗe baki, sai ran nan ya yi kuskure na gaske, wani da bai taɓa magana ba ya yi tsalle ya gyara masa. Tun daga ranar bai ƙara shiga aji ba tare da ya tanadi kuskurensa ba.

"Yaranmu ba sa yi wa babba tambaya, Hajiya, an hana su a gida," in ji shi. "Amma in suka ga babba zai faɗa rami, ba sa iya yin shiru."

Hedimasta ya gyara zaman hula ya ce shi ma abin da ya daɗe yana gaya wa malamai ke nan. Maganar cire Malam daga aji ba ta ƙara tashi ba. Makullin sito kuwa, kafin mako ya fita ni aka miƙa wa.

Da aka tashi ran nan na same shi yana kwance kekensa daga jikin darbejiya. Na tsuguna, wannan karon tsugunne na sosai, na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana kallona, dariya na cinsa.

"Wato shekara ashirin kana ganin daƙiƙi ne ya koyar da kai, kuma ba ka fasa zuwa gaishe ni ba. Ka yi kirki, ɗana."

Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya ɗora ƙafa a feda.

"Bakwai sau takwas ɗin nan, dominka nake yin sa," ya ce. "Wata uku ka yi a ajina ban ji muryarka ba."

Ya hau ya tafi a hankali, keken na ƙara. Na daɗe a tsugunne ban tashi ba, har sai da na tabbata yara sun watse, don kada su ga idona.