Nan Nake Zaune

Duk wanda zai bar Narbid, ko aikin soja ko neman abinci, sai ya biya ta ƙofar Golnesa. Takan ɗaga masa Alƙur'ani ya bi ta ƙarƙashi, in ya ba da baya ta watsa kwanon ruwa a sawunsa don ya dawo. An ce hannunta na da albarka, kuma ba ƙarya ba ne: 'ya'yan mutane duk sun dawo, har da waɗanda ba a yi kewarsu ba. Nata ɗan guda, Faramarz, shi ne ya tafi Tehran gyaran motoci ya shantake. Ranar Juma'a yake bugo waya, ya tambayi ciwon gwiwarta, ya ce aiki ya yi yawa. Kewarsa kuwa ta zauna mata a ƙirji, da ita take kwana, da ita take tashi.

Narbid ya girma, ya cika, amma a wajen gwamnati ƙauye ne, dehyar, wato shugaban ƙauye, ke riƙe da shi daga wani ɗan ofis kusa da masallaci. Dehyar ɗin, Hushang, ya ƙwallafa rai sai an mai da garin birni, a samu kwalta da asibiti. Yawan mutane kaɗai ya gaza. Da ƙidaya ta matso sai ya shiga bin gidaje, yana roƙon kowa ya kira nasa da ke waje.

"Bibi, ki kira ɗan nan naki ya zo da iyalinsa a ƙirga su a nan," in ji shi ga Golnesa, wadda ake kira Bibi don girmamawa, yana tsotsar sukari yana kurɓar shayinta.

"Ni da na haife shi na kira bai zo ba, sai kai da wannan tumbin naka?"

"Ki ce masa kwalta ke kira, ba ke ba."

Abin haushi, kwaltar ce ta kawo shi. Ya iso da matarsa da 'yarsu wadda Golnesa ta sani a hoto kawai. Furfura ta fito masa. Ta fasa rumman na bayan gida ta cika masa kwano, ta zauna tana kallonsa yana ci. Amma tsohuwa ba makauniya ba ce: ta ga ya juya motar ta fuskanci hanya, ta ga jakarsa a bakin ƙofa ko buɗe ta bai yi ba. Da ta tambaye shi yaushe zai koma, ya sunkuyar da kai ya ce, "Jibi, Inna. Maigidana ba ya wasa."

Washegari mai ƙidaya ta zo, wata malamar makaranta, Hushang na biye da ita yana ta yi wa mutane ido. Ta zauna kan darduma ta tambayi Faramarz inda yake zaune.

Ya dubi Hushang, ya gyara murya. "Nan nake zaune. Nan ne gidana."

Golnesa ta san maganar ta kwalta ce. Ta san gobe za ta tsaya a ƙofa da kwanon ruwa kamar yadda ta tsaya a da. Duk da haka sai da ta ajiye butar shayi ta zuba masa ido, don shekara da shekaru wannan maganar take jira daga bakinsa.

Malama ta rubuta, za ta wuce tambaya ta gaba, sai tsohuwar ta dafa gwiwarta.

"'Yata, kunnena ya yi nauyi, ban ji abin da ya ce ba."

Hushang ya buɗe baki, don ya san Golnesa na jin gulmar da ake yi a ƙarshen layi. Ta watsa masa harara, ya rufe.

"Sake tambayarsa," in ji ta. "Kai kuma ka faɗa da ƙarfi."