Sandar da Lyle Pascoe Ya Ajiye Mini

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran Lyle Pascoe, mai haɗa sandunan kamun kifi na garin nan, a gidansa da ke bayan shago. Shekarunsa saba'in da shida, wata biyar yana fama da ciwon huhu. 'Yarsa Kerrin ce ta bugo mini waya. Na ce mata na gode, na fita na zauna a kan matakalar ƙofa har shayina ya huce. Lyle, yau da kai zan yi magana, tunda lokacin da kake raye girman kai ya hana ni.

Mu biyu muka buɗe shagon nan a 1984, kai da hannu, ni da baki. Kai ne kake murza sanda a kan teburi har ka gano ɓangaren da take son lanƙwasawa, sannan ka jera zobban da zare ke bi, ka naɗe su, ka shafa man sheƙi. Ba ka taɓa sayar wa mutum sanda ba sai ka auna damtsensa da tafinsa, ka kai shi gadar jiragen ruwa ya yi jifa uku da ƙugiya cikin ruwa kana kallo. Ni kuwa nawa surutu ne da jan masu saye. Dogo kake kirana don ko kafaɗarka ban kai ba, har garin ya manta cewa sunana Merv.

A 1991 tattalin arziki ya karye. Aka rufe masana'antar katako, magidanta fiye da ɗari suka koma zaman gida. Wa zai sayi sandar dala ɗari uku yana tunanin burodin yara? Sai mu yini babu mai turo ƙofa in ba iska ba. Na buga talla a jarida, na rage farashi, na rataya ƙyallen talla a bakin titi, shiru kake ji. Da na ce mu saro sandunan kamfani masu araha mu zuba a gaba, kallon da ka yi mini kamar na zagi mahaifiyarka.

Wata Asabar da safe na tarar kana kafa katako a ƙofar shago. Ka jera sanduna goma sha biyu, zaɓaɓɓu cikin kayanmu, da allo a sama: "Ɗauki ɗaya, je ka kamo wa yara abinci. In ka gama ka dawo da ita." Ko sunan masu ɗauka ba ka da niyyar tambaya.

Na ce, "Lyle, kanka ɗaya kuwa? Duk abin da muka mallaka a bakin titi?"

Ka ce, "Haba Dogo, a ciki ma ƙura suke sha. Duk wanda ya yi jifa da tawa, hannunsa ba zai manta ba."

"Hannun nasa ne zai ciyar da mu?"

"Kai dai miƙo guduma, ka cika baki."

Cikin wata guda aka karya biyu, uku kuwa ba su dawo ba. Ran nan, a gaban matarka Noelene, na ce kai ba ɗan kasuwa ba ne, wawa ne da Allah ya ba hannu. Na zare jikina daga shagon, na nemi aikin haƙar zinariya can a garin Kalgoorlie. Ina ɗaura kaya a mota ka leƙo ka ce, "Akwai taka da nake haɗawa, tsaya ka gwada ta." Na ce ita ma ka jera ta a titi. Wannan maganar ta ci ni shekara talatin da uku, wallahi har yanzu tana cina.

Ba zan ce abin ya zo maka da sauƙi ba. Sai da ka sayar da kwalekwalenka, Noelene ta shekara biyu tana gyaran ɗakuna a masaukin baƙi. Amma ba ka janye katakon nan ba. A wajen jana'izarka Col Brennock, wanda a da yake yanka gungume a masana'anta, ya tashi ya ce a sanyin waccan shekarar kifin da ya kamo da sandarka ne ya riƙe gidansa. Ya ce abin da ya fi kifin ma shi ne ya sami dalilin sa takalmi ya fita da safe, don ya riga ya fara tsoron kansa a cikin ɗaki. Da aiki ya dawo, haka masu aron nan suka riƙa zuwa saye ɗaya bayan ɗaya kana auna su. Col kaɗai uku ya saya. Daga baya 'ya'yansu suka zo, yau kuma Kerrin da ta gaji shagon tana da aikin da zai kai ta baɗi.

Na dawo garin nan a 2012. Shekara goma sha biyu muna haɗuwa a kulob, muna ɗaga wa juna hannu daga nesa. Wani lokaci ka ratso ta bayana ka ce, "Dogo, sandar taka tana nan fa." In ce, "Sai wani satin." Ba fushi ba ne, kunya ce. Na san ranar da na taka ƙofar shagon nan dole in ce gaskiyarka ce, ni kuwa bakin nan nawa da bai taɓa gajiya ba ya kasa furta kalma biyu. Har da na ji kana kwance, na ce bari ka ɗan murmure tukuna.

Bayan an binne ka, Noelene ta kama hannuna ta kai ni shago. Ta sauko da wata gajeriyar sanda daga bango. A ƙarƙashin man sheƙin, da rubutunka, an sa "Dogo, 1991". Zaren ya dushe, amma mariƙin sabo fil ne, ya kuma fi na kullum kauri. Na ce mata wannan ai ba awona ba ne.

Ta ce, "Riƙe dai ka ji, Merv. Sau uku yana canza shi. Na ƙarshe a watan Janairu, da ya ga yadda kake riƙe kofi a kulob, yatsunka ba sa rufuwa. Yana tari yana goge shi, na hana shi ya ƙi."

Na riƙe. Ta zauna a hannuna daram, babu inda ya yi mini zafi. Ashe duk shekarun nan da nake kauce maka, kai aunata kake yi daga nesa. Nan na fashe da kuka a gaban matar da na ci mutuncin mijinta a idonta.

Gaskiyarka ce, Lyle. Wawan ni ne. Ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya yi maka rahama, ya sa kowane kifi da ya shiga tukunyar mai yunwa ta dalilinka ya zame maka haske a kabari. Noelene, Allah ya ba ki haƙurin wannan rashi, ya saka miki da alheri. Kerrin da yaranki, Allah ya albarkaci abin da ya bari a hannunku. Mu kuma da muka rage, Allah ya kyauta namu ƙarshen. Jiya da safe na je gada na yi jifa ukun nan da kake so, Lyle, sai dai babu mai kallo.