Hoton Da Ba Ki Rataya Wa Fure Ba

Ranar Alhamis, tara ga watan Mayu, da hantsi, ƙararrawar cocin Manapad ta yi bugun nan mai jan rai wanda kowa a garin nan ya san ma'anarsa. Ina tsakar gida ina juya kifin da na shanya, na tsaya ina tunanin wane tsoho ne kuma ya tafi. Ko kusa ban kawo ke a raina ba, Sagayam Akka. Ai da ƙafarki kika shiga motar asibitin Tutukudi ranar Litinin, hannunki dafe da ƙirji, kina ce min ta taga: "Amali, ki kalla min da kyau, kada ki tsallake komai. In na dawo za ki ba ni labari." Na kalla, ban tsallake komai ba. Gawarki aka dawo min da ita.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da naki. Kin girme ni, shi ya sa nake ce miki Akka, wato Yaya, kuma kin riƙe girman. Lokacin da mijina ya rasu, 'ya'yana suka koma wuraren aikinsu, na kulle kaina a ɗaki ina jiran nawa ajalin. Mutane sun zo da nasiha iri-iri, ta bi ta bayan kunnena. Ke ba ki yi min nasiha ba. Kin turo ƙofa da kwanon shinkafa da miyar kifi mai tsamiya, kika ce, "Tashi ki zo ki taya ni zagin mutanen nan, bakina ya gaji ni kaɗai." Haka na fara kallon Fitilar Ƙofar Gida, wasan nan mai dogon zango da ake nunawa a talabijin bayan cin abincin rana, lokacin da maza ke barcin gajiyar teku, gari ya yi tsit. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Ke a kujerar roba, ni a tabarma, kofi da mazarƙwailar giginya a tsakaninmu.

Ba ni kaɗai kika yi wa irin wannan ba. Tsofaffin masuntan da ido ya gaza sun san ranar da kwandonki ke biyowa ta ƙofarsu. Amma ba za ki yarda a kira shi alheri ba, sai ki ce kifin ne ya yi miki yawa.

A shekarun farko wasan na da daɗi, don tsohon marubucinsa ya san mutane. Da ya ajiye aiki aka damƙa komai a hannun wani sabon darakta, daga nan ruwa ya dagule. Ba ki taɓa kama sunansa ba, "Ɗan Chennai" kike ce masa. Shi ne ya mai da surukar kirki sakarai. Shi ne ya tsallake shekara ashirin tsakanin Juma'a da Litinin, muka tarar jarirai sun zama lauyoyi, kakarsu kuwa ko furfura ba ta ƙara ba. Mace za ta zame a matakala ranar Talata, ba za ta kai ƙasa ba sai Alhamis. Abin da ya fi ƙona miki rai shi ne in ɗan wasa ya yi faɗa da su ya tafi, sai kawai su sa rubutu a ƙasan allo: daga yau wannan ne a madadin wancan. Sai ki nuna allon da cokali ki ce, "Ji min rainin wayo! Mutum ne ko murfin tukunya?"

Na sha ce miki mu daina kallo tunda abin ya zama ciwon kai. Kika ce ai ke kika riga shi zuwa gidan, in akwai mai fita shi ne. Sabo turken wawa, Akka, kuma mu biyu muka ɗaure a turke ɗaya. Garin nan ba zai manta Lahadin da Fada, limamin cocinmu, ke karanta sunayen waɗanda aka nema wa addu'a ba, bayan marasa lafiya da matafiya ya karanto: "da daraktan Fitilar Ƙofar Gida, domin Allah ya ba shi hankali." Coci ya ɗauki dariya. Ke kuwa kanki a sunkuye, mayafi a ka, kika amsa da amin mai ƙarfi.

Mutane sun ɗauka rigimar tsufa ce. Ni na san inda abin yake miki ciwo. A cikin wasan akwai Kadir, ɗan autan gidan, wanda ambaliya ta tafi da shi ba a ga gawarsa ba. Tsohon marubucin ya bar uwarsa tana kunna fitila a ƙofa kullum, shi ne ma asalin sunan wasan. A bangon ɗakinki kuma akwai hoton Kilitas, ɗanki, wanda ya fita kamun kifi wata asuba, jirgin ya dawo, shi bai dawo ba. A nan garin duk wanda ya mutu ana rataya wa hotonsa zaren fure. Na mijinki yana da shi, na iyayenki ma. Na Kilitas kika bar shi haka nan, kina goge shi da gefen zaninki. Dangi sun yi magana, Fada ya lallashe ki, kika ce musu wanda ba a ga gawarsa ba bai mutu ba, ko a talabijin sun san wannan.

Sai ranar da Ɗan Chennai ya gaji da zancen Kadir. Ba gawa, ba bayani, kawai aka nuno uwar tana rataya wa hotonsa fure, ta hure fitilar, aka wuce zuwa bikin wata. Na juyo ina jiran zagi, ban ji komai ba. Kin ajiye kofin, kin kalli bango, kika ce a hankali, "Uwa ba ta yin haka. Bai san uwa ba." Ran nan na ji tsoron shirunki fiye da duk faɗan da kika taɓa yi. Washegari kuma kika kunna, kika ce sai kin ga ranar da zai ji kunya ya dawo da yaron.

To, Akka, ga labarin da kika ce in ba ki. Sun dawo da shi. A makon da muka binne ki, ina zaune ni kaɗai a ɗakina, aka buga ƙofa a cikin wasan, uwar ta buɗe, sai ga Kadir. Ban san lokacin da na miƙe na doki katanga ina kiran sunanki ba. Sai da hannuna ya yi zafi na tuna. Na dawo na zauna, na tarar da rubutun nan a ƙasan allo: daga yau wannan ne a madadin wancan. Wani gajere suka samo mai ƙiba, ko hancin ba iri ɗaya ba. Na buɗe baki in zage su, na rasa ta inda kike farawa. Fanka na juyawa, kofi na hucewa. Kaɗaici ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar da aka fita da mijina, don a wancan karon kina bayan katanga.

Da na so in yi da ke yadda kika yi da Kilitas. Amma gani ya kori ji. Ni na wanke ki, ni na gyara miki mayafi, na ga an mai da ƙasa.

Ranar addu'ar bakwai 'yarki Rosilin ta rataye hotonki kusa da na ɗan'uwanta. Za ta kulle gidan ta koma Chennai wurin mijinta. Zaren fure biyu ta sayo. Ta sa miki ɗaya, ta tsaya da ɗayan a hannu tana kallona, idonta jawur.

"Citti," ta ce, wato ƙanwar uwa, yadda take kirana tun tana rarrafe, "yanzu fa? Ba wanda zai jira shi kuma."

Na ce, "Wa ya gaya miki? Ƙara wa uwarki wannan, dama ɗaya ba ya isarta. Shi kuma sauko min da shi."

Yana ɗakina yanzu, Akka, a saman talabijin, ba fure. Ina goge shi yadda na ga kina yi. Ban san ko na yi daidai ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, ni ban taɓa sa ran dawowarsa kamar ke ba. Amma kin ce in kalla miki, kada in tsallake komai. Ke yanzu kin isa inda ake sanin ƙarshen labari. In kin tarar da shi a can, ki zo min a mafarki ki gaya min, sai in je in sayo furen.

Allah ya jiƙan ki, Sagayam Akka. Ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da alherin da kika ƙi yarda a kira alheri. Ina miƙa ta'aziyyata ga Rosilin da mijinta da 'ya'yansu, da dukan dangi na Manapad da Tutukudi. Allah ya ba su haƙurin rashi, ya ba ni ni ma. In tamu ta zo, ya sa mu cika da kyau.