Bayan Buhun Masara

Jiya na janye buhun masara daga jikin bangon ɗakin da ɗana yake kwana, warin danshi ya buge ni, sai na tuna kakata. Shekarar da ruwa ya shiga gidanmu a Gazara, muna ta murna ƙasa ta bushe, ita kuwa tana bin ɗakuna tana sunsunar bango. A ɗakin da jaririyar yayata take kwana ta ja katifa gefe. Fumfuna ta cinye gindin bangon, baƙi ƙirin.

Na ce, "Iya, a shafe da farar ƙasa mana."

Ta ce, "Kin rufe wa idonki, ƙirjin yarinyar fa? Ruwan nan bai tafi ba, ɓuya ya yi."

Yau kwana uku ɗana yana tari. Allah Ya haskaka makwancinki, Iya, Ya sa ban makara ba.