Ranar da Sarkin Rijiya Ya Amsa Sallama

Akwai wata Asabar da ba na jin zan taɓa mantawa da ita. Bayan la'asar ne, a falon wani aminina a Kubwa, shekarar da gwamnati ta taso daga Legas ta tare a Abuja. Mu huɗu ne: ni ma'aikacin rediyo, da mai gidan, da wani dattijo Bakatsine jami'i a wata ma'aikata, da ƙanin mai gidan wanda bai daɗe da dawowa daga karatu a waje ba.

A lokacin Abuja ba ta da wurin zuwa. Ga tituna masu faɗi, amma ba kowa. Ƙanin nan ne ya koya mana wani wasa na kan tebur: mutum ɗaya ya ƙirƙiri duniya ya riƙa ba da labarinta, sauran kowa ya ɗauki jarumi ya faɗi abin da zai yi, sai a jefa ɗan lido a ga ko ya dace. Da yake ni ne mai karanta labarai, ni aka ɗora wa ƙirƙirar duniyar.

Na kuwa zage. Na ce rana ta ƙone garuruwa, koguna sun ƙafe, rairayi ya binne benaye sai kawunansu ake gani. Ayari na bin tsofaffin turakun lantarki don kada su ɓata, maƙera na yin takubba da ƙarafan matattun motoci. Babbar dokar duniyar kuwa ita ce ba mai ba wani ruwa kyauta. Rijiyar da ta rage tana hannun wani ƙato, Sarkin Rijiya, mai sulken da aka ƙera da murfin injin mota.

A zaman farko tarihin duniyar na yi ta karanta musu kamar labaran rana, har mai gidan ya yi gyangyaɗi. Shi ya sa ranar nan tun daga ƙofa ya gargaɗe ni.

"Ɗan rediyo, idan yau ma ka sa ni barci, teburin nan ya koma karta."

Duk fatana yana kan yaƙin da na tsara a bakin rijiya. Na kai jarumansu can da ƙishirwa, na kumbura murya irin ta ƙaton na ce, "Wane ne ya taka ƙasata?" Har na miƙa hannu zan ɗauki ɗan lido.

Sai dattijon ya gyara zaman hularsa ya ce, "Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina wuni?"

Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. "Wa alaikumus salam. Lafiya lau."

"Ya gida? Ya iyali? Ya fama da zafin nan?"

Ɗaya bayan ɗaya na amsa, kuma da muryar ƙaton. Har "sai godiya" na ce.

Ƙanin ya dafe kai. "Baba, sara za ka yi! Ga takobi a hannunka!"

"Kai, a can wajen haka suka koya maka? Ka je gidan mutum ka fara da sara?" Dattijon ya juyo gare ni. "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, daga nesa muke. A taimaka mana da ruwa."

Mai gidan, wanda yanzu idonsa biyu tar, ya jingina da kujera yana murmushi.

"To ɗan rediyo, ka dai amsa sallama. Hana mu, mu gani."

Na duba dokar da na kafa da kaina, na duba fuskar dattijon. Ni ne na ƙera ƙaton nan, amma na kasa sa shi ya kori baƙon da ya gaishe shi har ya tambayi iyalinsa. Na ce, "Ku zauna. A kawo musu ruwa."

Sai ga wata matsala: in haka yake da kirki, me ya sa yake tsare rijiya da makami? Nan take na ƙago dalili. Ƙaton ya rage murya ya shaida musu cewa rijiyar ƙafewa take yi, yana ɓoyewa ne don kada mutanensa su watse, kuma yana neman masu bin sawun ruwan zuwa tushensa. Gardama ta kaure a kan wa zai tafi, wa zai tsaya. Mai gidan ya fi kowa ɗaga murya. Kiran magariba ne ya raba su, kuma muna alwala mai gidan ya ce mini, "Asabar mai zuwa ka zo da wuri."

Abin da na koya shi ne, kana iya ƙafar da koguna ka binne birane a labari, amma mutanen da za su shiga cikinsa da tarbiyyar gidajensu za su shigo, har da kai mai labarin. Mun ci gaba da wasan duk Asabar har aka yi mini canjin aiki zuwa Kaduna.