Gaisuwar da Aka Daina Yi wa Na Allah

Na Allah maƙwabcina ne a Korgom, danga ɗaya ta raba mu, don haka ba labari aka ba ni ba.

Ubansu ya rasu ya bar mishi gandu da ƙanne biyu, Salifu da Sabiru. Shi ya yi musu aure. Shi ya riƙa kai wa Sabiru hatsi Tasawa a amalanke, har ya gama karatun lakwal ya zama mushe, wato malamin makaranta. Matarsa Zara'u ta rasu ba su samu haihuwa ba, bai kuma sake aure ba, wai ɗiyan ƙannensa sun ishe shi. In ka ce mishi "Ina iyali?" to nemi wurin zama. Sai ya faro daga mai tari, ya bi ta mai haƙori, har wadda aka yaye jiya. Mukan yi mishi tsiya: "Na Allah, gaisuwa fa muka yi!"

Bara, da aka gama ɗaurin hatsi, Sabiru ya zo bisa babur. Ya tara su a zaure, ya ce zamani ya sake, a raba gandu kowa ya ji da iyalinsa.

Na Allah ya ce, "To ai ku ne iyalina."

Sabiru ya yi murmushi irin na mushe gaban ɗan aji. "A'a, Yaya. Iyali matar mutum ce da ɗiyan da ya haifa. Saura dangi ne."

Kai! Ina bayan danga, amma sai da zuciyata ta tafasa. Yaron da aka saɓa a kafaɗa zuwa gona, yau shi ke koya wa Na Allah Hausa!

An raba. Wallahi ba su cuce shi ba, gonarsa ma ta fi kyau. Salifu ya ja danga a tsakar gida, matarsa tana aiko da tuwo kullum. Sai dai shi kaɗai yake ci, yara suna can ciki wurin ubansu.

Mutanen gari suka ƙarasa shi da tausayinsu. Maganar zaure ta bazu, yanzu in an gamu da shi sai "Ina kwana, ina gajiya, ina aiki," a tsallake ɗayar. Yana lura, ba yaro ba ne.

Ran kasuwa muna tare, wani baƙo mai tumaki ya ba shi hannu. Bai san komai ba, ya ce, "Ina iyali?"

Fuskar Na Allah ta washe, ya buɗe baki zai faro daga mai tari. Sai na ga ya haɗiye.

Ya ce, "Dangi dai suna lafiya."