Ragaya a Cikin Kwamfuta

A ƙarshen shekarun casa'in na dawo Karaye da tsohuwar kwamfuta da na saya a Kano. Ina koyarwa a sakandare a lokacin, da ita nake buga tambayoyin jarrabawa duk sanda aka kawo wuta. Ɗakina yana jikin zauren da mahaifina yake karantar da magidanta littattafan fiƙihu bayan la'asar. Idonsa ya yi rauni, amma kunnensa ko motsin ƙadangare a kan azara ba ya wuce shi.

Kwamfutar tana da wani gurnani. Da na kunna ta sai faifan ajiyarta, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe duk abin da aka rubuta, ya fara kurrr, teburi ya ɗauka, bango ya karɓa. Wata rana Baba ya dakata a tsakiyar karatu ya kira ni.

"Wannan akwatin naka, niƙa yake yi ne?"

"Haka aka ƙera shi, Baba."

"To, ko dai ya yi shiru, ko ya jira mu tashi."

Bai faɗa da faɗa ba, amma na ji nauyin maganar. Matsalar kuwa, da la'asar ɗin aka fi kawo wuta.

Ranar Asabar na kwance murfin akwatin. Na cire kusoshin da suka ɗaure faifan, na ɗora shi a tafin hannuna, na kunna. Sai ƙarar ta ragu ƙwarai, ɗan kaɗawa kawai nake ji a fatata. Ashe ba faifan ne mai yawan surutu ba, ƙarfen da aka manna shi da shi ne yake yayata masa. Na sa tsumma a ƙarƙashinsa, ya yi zafi har na tsorata na kashe.

Ina zaune a tsakar gida ina tunani sai idona ya faɗa kan ragayar da Inna take rataye ƙwaryar nono a rumfa. Ƙwaryar ba ta taɓa bango, ba ta taɓa ƙasa. Na ɗauko tsohuwar robar cikin tayar babur, na yanka ta sili-sili, na ɗaure a jikin akwatin gefe da gefe, na saƙala faifan a tsakiya, iska tana ratsa sama da ƙasansa. Inna ta leƙo ta ga aikin, ta ce, "Ƙara igiya ɗaya ta ƙasa, in ba haka ba zai karkace." Na ƙara.

Da la'asar ina bugu, aka gama karatu ba a kira ni ba. Can sai ga Baba da kansa a bakin ƙofa, yana dafe da bango.

"Ka haƙura da aikin ne yau?"

"Tana aiki, Baba. Tun ɗazu."

Ya matso, ya laluba ya ɗora tafinsa a kan akwatin, ya daɗe a haka.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, da shawarar Inna."

Ya ce Allah ya yi albarka. Sannan ya zauna a bakin gadona, abin da bai taɓa yi ba, ya tambaye ni ko injin zai iya riƙe sunayen malaman da ya yi karatu a wurinsu, daga na wani ƙauye da ake kira Turawa har na garin Rogo. Na ce zai iya. Ya gyara zama ya fara faɗa, ni kuma ina bugawa, har aka kira magariba.